Majigin Malam Salfo

Duk wanda ya yi sakandare a Yako a zamaninmu, in ka ce masa Salfo Bonkungu sai ya tsaya yana sosa kai. Amma ka ce Malam Majigi, nan take zai washe baki. Tarihi da labarin ƙasa yake koyarwa, ni kuma lissafi, bango ɗaya ne tsakanin ajinsa da nawa. Shi ɗan Mosi ne, ni ɗan Samo, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni. Ranar da aka turo ni makarantar, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen shugaban makaranta.

"Madalla. Na daɗe ina roƙon gwamnati ta aiko mini da bawana, ga shi ta ji kukana. Kai mai cin kare, yaya sunanka?"

"Selestan Pare," na ce. "Kuma ka riƙa cire hula in kana magana da ubangidanka."

Da wannan muryar muka fara, da ita muka tsufa. Ban taɓa gaishe shi ba zagi a ciki ba, shi ma haka.

A wani ƙauye bayan Arbole aka haife shi, gidan manoman gero, ba mai karatu ko ɗaya. Yana yaro motar gwamnati ta zo garinsu da majigi, aka haska a bangon ɗakin shan magani yadda kurkunu ke shiga jikin mutum ta ruwan tafki. Ma'aikatan lafiya sun yi ta faɗa wa mutanen garin su riƙa tace ruwa, ba wanda ya kula su. Washegarin majigin nan, in ji shi, uwarsa ta yage gefen zaninta ta ɗaure a bakin tulu. Labarin nan na ji shi har na haddace, ko launin zanin ka tambaye ni zan gaya maka. In ya kai ƙarshe sai ya ɗaga yatsa ya ce gani ya kori ji. A kan wannan magana ya ɗora aikinsa gaba ɗaya.

Da ya je karatu Wagadugu, in lokacin bikin finafinai ya zo, 'yan uwansa ɗalibai na soyayya da na faɗa suke bi. Shi kuwa sai ya nemi ƙananan ɗakunan da ake nuna finafinan gaskiya, waɗanda ba 'yan wasa a cikinsu, mutane ne kawai da halin da suke ciki. Tun daga nan ya fara tara su, kaset da farko, daga baya faifai. Wani fada na coci da zai koma ƙasarsu ya bar masa tsohuwar na'urar majigi, ita ce yake naɗewa a zanin matarsa Azeta ya ɗaure bayan babur ɗinsa mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Alhamis da yamma ba darasi, to nan ne kasuwarsa take ci. A toshe tagogi da tsofaffin barguna, a cusa yara 'yan manyan aji har kan taga, zafi kamar gidan burodi. Shugaban makaranta ya ce ba zai yarda a tara samari da 'yan mata cikin duhu ba sai da malami na biyu a baya yana sa ido. Salfo ya ce ai yana da bawa. Haka na zama mai gadin Alhamis, ba ko sisi.

Shi a gaba yake tsayawa, gefen bango, da doguwar sandar gora a hannu. Ba ya barin fim ya tafi shi kaɗai. Ya tsayar, ya ɗora kan sandar a kan abin da yake so a gani, ya yi bayani, ya saki. Ƙeyarsa kawai yara suke gani har a gama. In an yaye barguna sai ya juyo yana sharce gumi.

"To, me kuka gani?"

Su kuma su ba shi amsar da ta dace da babba.

Kada in ci haƙƙinsa, majigin ya yi aiki. Ya nuna fim a kan baƙar leda da awaki ke ci su mutu, yara suka share kasuwa ranar Asabar. Ya nuna na tsofaffin matan da ake kora daga ƙauyuka da sunan maita, wata yarinya ta fita tana kuka, bayan hutu ajin ya tara gero aka kai musu. Ya nuna na ciwon ƙanjamau lokacin da ko sunan ciwon ba a iya kamawa a gaban yara, iyaye suka zo da faɗa, ya zaunar da su su ma suka kalla. Mutum ne mai zuciya, ba ya gajiya, kuma ba ya jin magana. Waɗannan nasarorin su suka ƙara toshe masa kunne.

Sai zinariya ta zo. Aka fara jin an tono a can, an tono a nan. Bencin baya ya fara yin gibi, yau ba wane, bayan hutu ba wane. Salfo ya tafi Wagadugu ya dawo da sabon faifai yana murna kamar ya samo maganin maciji. Fim ne da aka ɗauka a wata mahaƙa can kudu. Samari ake zurawa da igiya cikin rami mai faɗin bakin rijiya, tocila ɗaure a goshi da roba. Su fito fari fat da ƙura, ido ja saboda ƙwaya. Akwai inda rami ya rufta, ana tono da hannu, wata uwa tana birgima a ƙasa. Ni kaina da na fara gani ban iya cin tuwo ba a ranar.

Amma ni a baya nake zaune, kunnena a cikin yara. Salfo ya ɗora sanda a bakin rami yana cewa su dubi kabarin da mutum ke haƙa wa kansa. A gefena kuwa wani yaro ya zunguri ɗan uwansa.

"Kai, dubi bayan rumfar can. Sababbi ne fil, ko ledar kujera ba a cire ba."

"Wannan da ake hira da shi fa? Waya biyu. Kuma bai girme ni ba."

"Kaza guda shi kaɗai, ka gani? Da rana tsaka!"

Masu ɗaukar fim ɗin ramin suka je ɗauka, ba su damu da abin da ya faɗo gefen hoto ba. Yaranmu kuwa rami ba baƙonsu ba ne, da yawansu sun taya iyayensu yasar rijiya. Wahala ma ba baƙuwa ba ce. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne sa'ansu a kan sabon babur. Aka yaye barguna, Salfo ya tambaya me suka gani, ajin ya amsa baki ɗaya, "Wahala, Malam!" Ya gyaɗa kai, ransa fes.

Washegari a rumfar Tanti Poko mai wake da shinkafa na tare shi.

"Kai bawa, ka san abin da yaranka suke kallo kuwa?"

"Abin da na nuna musu."

"Babura suke kallo. Kana can kana tsokanar bango da sanda, su suna zaɓen launin da za su saya. Talla kake yi wa masu rami, kyauta."

Ya yi dariya har wake ya sarƙe shi, Tanti Poko ta miƙo masa ruwa.

"Tanti, kin ji ɗan Samo? Ya sha burukutu ya shiga duhu ya yi barci, ya yi mafarkin babur."

"Salfo, da gaske nake."

"Ranar da ɗan Samo ya yi da gaske, ranar kare zai zagaya kasuwarku ta Toma ya fito da ransa."

Rumfar ta kwashe da dariya. Na sake faɗa masa a ofis, na faɗa masa a ƙofar gidansa. Duk lokacin sai ya rama da wata sabuwar tsokana. Abokin wasa shi ne mai ikon gaya maka abin da ba mai iya gaya maka, ko sarki ne kai. Amma an saba maganarsa ba ta ciwo, shi ya sa in mutum ba ya son ji sai ya ajiye ta a wasa. Ya ɗauko mini rubutun da yaran suka yi a kan illar haƙar zinariya, kowa ya zuba zance kamar limami. Ya ce in karanta in ga aikin majigi, in na iya karatu. Haushinsa ya kama ni ƙwarai a ranar.

Ba zan ɗora wa fim duk laifin ba. Yaran nan suna wuce masu digiri a bakin titi suna sayar da katin waya. Amma fim ɗin bai tsayar da kowa ba, shi kuwa kowace shekara sai ya nuna shi.

A cikin masu kallon har da Sayuba, ɗansa na fari. Kamar yadda Mosi suke yi, a gidan kawunnansa ya tashi, sai da ya isa sakandare ya dawo gidan uban. Ba sa cin tuwo kwano ɗaya, ba sa haɗuwa a bakin ƙofa, in wannan zai shiga wancan ya dakata. Salfo bai taɓa kama sunansa ba. A gida "wancan yaron" ne, a aji kuma Bonkungu, kamar ɗan wani. Amma son da yake yi masa ba ya ɓoyuwa. Sai ya leƙo ajina yana kallon wani wuri daban ya ce, "Wancan yaron na gidanmu, yana gane shirmen nan naka?" Yana ganewa kuwa. Ban koyar da masu kan lissafi irin nasa da yawa ba. Jarrabawar fita ce ta kayar da shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya dawo yana maimaita ajin ƙarshe, ransa a jagule.

Wata Lahadi na je gidansu, Azeta ta kawo mana ruwan gero, ta ƙi tafiya. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, gara in faɗa gaban baƙon naka. Yaron nan na ga tocila da igiya a ƙarƙashin katifarsa. Ka yi masa magana."

"Ni? In zaunar da shi in ce me? A ina kika taɓa gani?"

"To ka tura gwaggonsa. Ko kawunsa."

"Ko ni," na ce. "Ba ni shi yini ɗaya. Ni ba kunya tsakanina da shi, in ya ƙi ji in zage shi in zagi ubansa."

"Ɗan Samo ya yi wa ɗan Mosi nasiha? Duniya ta ƙare." Ya kurɓi ruwan gero ya ajiye ƙwaryar. "Ku bar ni. Ranar Alhamis zan yi magana da shi."

Na gane nufinsa. Abin da al'ada ta hana shi faɗa wa ɗansa ido da ido, zai faɗa wa bango, ɗan yana zaune a baya. Duk da haka na tare Sayuba bayan darasi na yi masa tatas. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Irin to ɗin nan da ba ta da ƙofa.

Ranar Alhamis ɗin ban taɓa ganin Salfo haka ba. Ya tsayar da hoton a kan uwar nan mai birgima, ya daɗe bai saki ba. Ya ce duk yaron da ya shiga rami ba shi kaɗai yake shiga ba, da uwarsa yake shiga, da uban da ba zai iya kuka a gaban mutane ba. Ya ce jarrabawa ana faɗuwa a tashi, rami kuwa ba ya ba da zama na biyu. Ajin ya yi tsit. Har na fara cewa a raina ko dai ni ne ban fahimci majigi ba.

Da aka yaye barguna, sai ga hannu a sama. Sayuba ne. Tunda ya shiga makarantar bai taɓa ɗaga hannu a ajin ubansa ba.

"Bonkungu?" in ji Salfo, yana kallon allo.

"Malam, a wane waje aka ɗauki fim ɗin?"

Na ga fuskar abokina ta yi haske. Ɗansa ya yi masa magana, a gaban mutane, kuma tambayar labarin ƙasa. Ya jawo babbar taswira ya rataya, ya ɗauki sandarsa.

"Tambaya mai kyau. Ku duba nan. Ga mu a Yako. Ka sauka Wagadugu, ka kama hanyar Bobo. Ba za ka kai Bobo ba, a Pa za ka sauka ka yi kudu. Ka wuce Dano, ka wuce Jebugu, kafin Gawa akwai wata kasuwa, daga nan sai babur cikin daji."

Na yi tari. Na sake yin tari har yara suka waiwayo.

"Ku rabu da shi, ƙashin kare ne ya maƙale masa," in ji Salfo. Aka yi dariya. Ya ci gaba da bayanin irin duwatsun yankin, da dalilin da ya sa zinariya take kwance a cikinsu, da watannin da ruwa ke janyewa a samu shiga. Darasi ne mai kyau, ban taɓa jin ya yi wanda ya fi shi ba. Ya fito yana ce mini, "Ka gani? Ya shiga jikinsa."

Hutun Ista aka nemi Sayuba aka rasa, shi da abokansa biyu.

Da farko yana kiran uwarsa. Yana lafiya, a gaida mutan gida, kada a damu. Ba ya cewa a gaida Baba, ita ma ba ta cewa ga babanka, sai dai ta ƙara muryar wayar ta ajiye a kan tabarma, Salfo yana gefe yana yi kamar gyaran fitila yake. Ya sa rai damina za ta koro shi gida, tunda ana rufe ramuka in ruwa ya sauka. Damina ta zo, ɗaya daga cikin abokan, Buraima, ya dawo da tari da sabuwar waya. Ya zo gaida malaminsa, ina zaune. Salfo ya daure ya tambaye shi yadda aka yi yara uku da ba su taɓa wuce Wagadugu ba suka gane wurin.

"Ai Malam ba mu sha wuya ba ko kaɗan," in ji Buraima, da ladabinsa, hannu a ƙirji. "Yadda ka nuna mana a taswira haka muka bi. Har kasuwar da ka ce. Sayuba cewa ya yi ba malami irinka."

Yaron godiya yake yi, ba da wata manufa ba. Salfo ya ce masa Allah ya yi albarka, ya sallame shi. Ga zagi cike da bakina, irin wanda ya cancanta, amma na kasa fitar da ko ɗaya. Shi ma bai kira ni bawa ba. Ya dube ni ya ce, "Selestan, ka faɗa mini." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar, kuma na fi son zagin.

Damina na ɗaukewa ya hau mota ya bi hanyar da ya zana da sandarsa. Ya tarar da dubban samari, kowa fari fat da ƙura, kowa kamar kowa. Aka ce masa ai Sayuba ya yi gaba, an ji labarin sabon rami a Mali. Daga Mali ya kira sau ɗaya. Bayan nan wani ya ce ya gan shi a Gini. Daga nan lambar ta daina shiga. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Azeta ta ƙi yarda a yi sadaka, ta kuma ƙi yarda a taɓa ɗakinsa.

Majigi ya koma cikin zaninsa, aka tura ƙarƙashin gado. Salfo ya ƙarasa shekarun aikinsa da alli, yana fuskantar yara, yana karanta musu darasi da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Ƙananan malamai suka roƙe shi ya ba su aron finafinan leda da na tsofaffin mata, ya ce su kwashe duka. Wannan ma ya ba ni takaici, don waɗancan sun yi amfani, kuma ba wanda ya iya nuna su kamar shi. Ranar da ya yi ritaya tsofaffin ɗalibai suka cika makaranta, har da likita da alƙali, kowa yana faɗin fim ɗin da ya canja masa tunani. Ya zauna yana gyaɗa kai, ya ƙagara a tashi.

Yanzu mun tsufa, ni da shi. Idonsa ya yi rauni. Abin da ban zata ba shi ne ya koma kallon fim, fiye da da. Ƙaramar 'yarsa Rihanata, wadda ke aikin jinya a Wagadugu, ita ya ɗora wa aikin: duk wani fim ko rahoto da aka ɗauka a mahaƙar zinariya, Mali ne, Gini ne, Senegal ne, ta zuba masa a kwamfuta ta aiko. Ba ya sauraron abin da ake faɗa, kashe muryar ma yake yi. Wanda ake hira da shi bai dame shi ba. Masu wucewa ta baya yake bi, da masu zaune a rumfa, da masu jan igiya can nesa. In taro ya fito ya tsayar, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Shekaranjiya da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, kwamfutar a kan cinya.

"Zo nan, kai idonka da saura. Wancan na bayan buhunan, mai jar hula. Dubi tsayuwarsa. Dubi kafaɗar."

Na sa tabarau na duba da kyau. Wani dogon yaro ne, ya ba da rabin baya, bai fi shekara ashirin ba. Sayuba in yana raye ya haura talatin.

"Ba shi ba ne, Salfo."

Bai ɗauke ido daga hoton ba.

"Akwai wani a bayansa," ya ce. "Bari ya matsa."